Yadda Ake Gane Wanda Farasitamol Ya Yi Wa Yawa da Abin da Ya Kamata a Yi

Da wuya a sami gidan da babu farasitamol a cikinsa, kuma saboda ana sayensa a kemis ba tare da takardar likita ba, mutane da dama suna ɗaukarsa maganin da ba ya cutarwa. Ga babban mutum mai lafiya, ƙa'idar ita ce ƙwaya ɗaya ko biyu masu nauyin miligiram 500, da tazarar awa 4 zuwa 6, kuma kada a wuce ƙwaya takwas, wato giram 4, a cikin awa 24. Na yara kuwa ana auna shi ne da nauyin jikinsu. Sau da yawa ana ƙetare wannan iyaka ne cikin rashin sani: mutum ya sha Panadol saboda ciwon kai, ya ɗora da maganin mura wanda shi ma akwai farasitamol a ciki, ciwon haƙori ya hana shi barci ya sake ƙarawa, ko uwa ta ba yaro maganin zazzaɓi sannan kaka ta sake ba shi ba tare da sun yi magana ba.

Hanta ce ke sarrafa wannan magani, kuma a yayin aikin wani ɓangare nasa yana rikiɗewa ya zama guba, wadda hantar ke kashewa da wani sinadari nata mai suna gulutatayon. Idan maganin ya yi yawa sinadarin yakan ƙare, sai gubar ta fara cin hantar kanta. Masu shan barasa, da waɗanda ba sa samun isasshen abinci, da masu shan wasu magungunan farfaɗiya ko na tarin fuka sun fi shiga haɗari.

Abin da ya fi yaudarar iyalai shi ne ranar farko. Mutum zai iya zama garau yana hira, ko ya ji tashin zuciya da amai da gumi kawai, har a ce ai abin ya wuce. Sai a rana ta biyu ko ta uku ciwo ya bayyana a gefen dama na ciki, ƙasan haƙarƙari, daga nan idanu su koma rawaya kamar na mai shawara, fitsari ya yi duhu, hankali ya fara gushewa, jini ya ƙi tsayawa. Wanda ya jira waɗannan alamomi ya riga ya makara.

Saboda haka, da zarar an san ko an yi zargin an sha fiye da ƙa'ida, a nufi sashen gaggawa na asibiti nan take, a tafi da kwalin ko kwalbar maganin, a kuma riƙe lokacin da aka sha da adadin da ya ragu, domin da su likita zai yi lissafi. Kada a ɗura wa mutum manja ko madara ko ruwan gishiri, kada kuma a cusa masa yatsa don ya yi amai. Babu ɗayansu da ke kare hanta, kuma aman yana iya shaƙe shi.

Idan an isa cikin awa ɗaya, likita zai iya ba da wani gawayi na musamman mai hana maganin shiga jini, wanda ba shi da alaƙa da gawayin murhu. Ana gwajin jini bayan awa 4 da shan maganin, sannan a ba da makarinsa, asetilsistin, galibi ta hanyar ƙarin ruwa. Makarin ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 8, amma ko an wuce haka yana da amfani, don haka jinkiri ba dalilin fasa zuwa ba ne.

Idan kuwa mutum da gangan ya sha saboda wata damuwa, kada a yi masa faɗa ko gori, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a gaya wa likita gaskiya domin a haɗa shi da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kafin a sallame shi.