Yadda ake wuni da jaka a baya a duwatsun Gashaka-Gumti

Tafiyar tana farawa ne daga Serti, jihar Taraba, inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take. A nan za ka karɓi izini, a haɗa ka da renja, wato ma'aikaci mai gadin dajin, ka kuma tambayi halin tsaro na yankin da kake son bi. Wannan daji shi ne mafi girma cikin gandayen dajin ƙasa a Najeriya, an kafa shi a 1991, ya ratsa Taraba da Adamawa. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar, mita 2,419, a kan iyakar Kamaru. Ka je da rani, tsakanin Disamba da Maris. Da damina rafuka na cika, ba sa ƙetaruwa.

Kayan da na saba zubawa a jaka ba su da yawa: tanti, bargo, rigar sanyi, tocila, ashana a leda, ƙaramar tukunya, safa ta canji. Guzuri kuwa ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, garin kwaki, sukari da ganyen shayi. Mai nauyi ka sa shi jikin bayanka, ka ɗaure igiyar ƙugu tamau domin nauyin ya sauka daga kafaɗa. Idan jakar ta fi ƙarfinka ka ɗauki ɗan dako, ba abin kunya ba ne. Sabon takalmi kuma ka bar shi gida, kafin azahar zai yi maka bororo.

Ana idar da sallar asuba ka kama hanya. Hawan da ya fi wuya ka gama shi kafin rana ta take, da gajeren taku, ba tare da gasa da kowa ba. Ka riƙa kurɓar ruwa tun ƙishi bai kama ka ba. Ruwan rafin tsauni garau yake a ido, amma Fulani na kiwo a tuddan sama, don haka ka tafasa shi ko ka jefa masa ƙwayar tsabtace ruwa.

Batun namun daji nan ne mutane ke ruɗar kansu. Suna zaton za su ga garke a fili kamar na talabijin. A kurmin Gashaka kunne ya fi ido aiki. Sai ka ji reshe ya karye a sama, ka ɗaga kai, ka hango farar jela tana lilo, biri ne mai baƙi da fari, kafin ka zaro waya ya ɓace. Akwai chimpanzi a dajin, amma galibi ihunsu za ka ji daga can cikin kwari, ko renja ya nuna maka shimfiɗar ganye da suka kwana a kai a saman bishiya. Saboda haka ka rage surutu, ka zauna a bayan renja. In ya tsaya ka tsaya, in ya durƙusa ka durƙusa, tambaya sai daga baya.

Wadda nake shakka da gaske ita ce ɓauna, musamman namijin da ya ware shi kaɗai. In ka ga ɗanyen kashi irin na saniya yana tururi a kan hanya, ga sawun kofato, to tana kusa. Idan kuka yi ido huɗu kada ka ruga, kada ka ɗaga murya. Ja da baya a hankali, idonka na neman bishiyar da za ka iya hawa. Dorina a kogin Kam ita ma haka: da dare take fitowa kiwo, kuma kada ka kuskura ka shiga tsakaninta da ruwa. Gwaggon biri ɓarawo ne kawai. Rufe jakarka, kada ka ba shi abinci, kada ka zura masa ido.

Ƙananan ne ma suka fi damun matafiyi. Ƙudan tsando na son baƙi da shuɗin tufafi, don haka ka sa mai ruwan ƙasa, mai dogon hannu. Ka cusa ƙafar wando cikin safa saboda kaska. In ka ga layin kwarkwasa ya ratsa hanya, tsallake shi da sauri, domin in ka tsaya kallo sai ka tuɓe wando a gaban jama'a. Kada ka zura hannu a ramin dutse, kuma gungumen da ya tare hanya ka hau kansa ka leƙa kafin ka dira, domin macijiya kasa ba ta gudun mutum.

Da rana ta take ku sauka a inuwa, ka cire takalmi ƙafa ta sha iska, ka jiƙa gari, ka yi ƙasaru. In kun bi ta ruga a yi sallama, a gaisa da kyau, a sayi kindirmo.

La'asar na yi ku fara neman masauki, domin a kan tudu hazo da sanyi na sauka da wuri, duk da zafin da kuka baro a Serti. A zaɓi wuri mai ɗan tudu, nesa da gaɓar ruwa da turbar dabbobi. A share busasshiyar ciyawa kafin a hura wuta, a kuma kashe ta ƙurmus kafin barci. Abinci a rataye shi nesa da tanti. Ka haska tocila ka duba hammata da bayan gwiwa ko kaska ta maƙale, da safe kuma ka zazzage takalmi kafin ka zura ƙafa, saboda kunama.