Masu gyaran tsohon sikirif, ku duba layin farko

Salam 'yan uwa na Jidda da Madina, musamman ɗalibai masu karɓar aikin gyaran sikirif (fayil mai jerin umarni ga kwamfuta) na harhaɗa manhaja. Kafin ka taɓa komai duba layin farko, shi ke faɗin manhajar da za ta gudanar da sikirif ɗin. In an sa #!/bin/sh amma cikinsa cike da [[ ]], to a Ubuntu da Debian sh ɗin nan, wato manhajar da ke karanta umarnin, dash ne ba bash ba, kuma dash bai san [[ ]] ba, zai yi ta watso maka kuskure kana zargin gcc, manhajar harhaɗawa, alhali ba ruwansa. Ka mayar da layin #!/bin/bash kawai.

Sannan ka sa set -e a sama, don in make, mai gudanar da harhaɗawar, ya faɗi komai ya tsaya nan, kar sikirif ya wuce ya je yana fitar da takardun bayani na abin da bai haɗu ba, wallahi wannan shi ya fi cin lokaci.

Inda ka ga python zalla ka mayar python3, tun 2020 aka daina kula da Python 2. Masu Doxygen kuma, wato manhajar fitar da takardun bayani, doxygen -u na sabunta tsohon Doxyfile, fayil ɗin saitinta. In fayil daga Windows aka turo, wuce da shi ta dos2unix tukuna don ya gyara ƙarshen layukan, sai shellcheck mai gano kurakuran sikirif.