Yadda na rabu da ciwon gwiwa wajen saukowa daga duwatsun Riruwai

Hawan duwatsun Riruwai, can ƙaramar hukumar Doguwa, bai ba ni wuya kamar saukowa ba. Karon farko da silifas na hau, na gangaro a miƙe. Gwiwoyina suka yi ta rawa, babban yatsana ya yi bororo, kwana uku ina sallah a zaune.

Wani dattijo makiyayi ne ya ce min, "Ɗana, ba a saukowa dutse gaba-gaɗi." Ya ara min gorarsa. Na koma da kambas da safa biyu, na ɗaure igiyar tamau don kada yatsu su riƙa dukan bakin takalmin. Bayan asuba na fita, kafin dutse ya ɗau zafi. Ina dogara sandar, ina gangarowa a kaikaice, taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Na iso ƙasa ko ɗingishi babu.