Yadda ake haɗa kibiyar nuna alkiblar iska

Ka nemi rodi mai tsawon santimita 60, da guntun langa-langa, da bututun ƙarfe, da boris ɗaya. Yanka kan kibiya ƙarami, wutsiya kuma babba, faɗinta ya ninka na kan sau uku, mai walda ya liƙa su a bakunan rodin. Ɗora rodin a kan yatsa ka gano inda nauyi ya daidaita, nan za a sa boris. Yawancin masu haɗawa a nan suke kuskure: idan wutsiya ta rinjayi kai, boris zai riƙa cijewa, kibiyar ta ƙi juyawa sai da iska mai ƙarfi.

Kafa bututun a miƙe, ka ɗora kibiyar a kansa, ta zarce rufin gida da kamar mita 2, nesa da tankin ruwa da bishiyar mangwaro, don suna karkatar da iska. Saita arewa da kamfas na waya, amma ka matsa daga kwanon rufi tukuna.

Kan kibiya yana nuna inda iska ta fito ne. A Kaduna, daga Nuwamba zuwa Fabrairu za ka gan ta tana kallon arewa maso gabas: iskar hunturu ke nan daga Sahara, busasshiya, mai ƙura. Wajen Afrilu sai ta koma kudu maso yamma, inda laima ke tasowa daga tekun Atlantika. Amma hadarin kansa galibi daga gabas yake zuwa. In ta juya gabas farat ɗaya da yamma, ga sanyi, a kwashe shanya.

Ƙurar hunturu na daskarar da giris, a wanke boris da kananzir kafin damina.