Kurakuran da muke yi wajen haɗa yaran firamare abota ta imel

Malamai 'yan uwana, wannan harkar ta haɗa ajinka da wani aji a Maraɗi ko ma Ingila suna musayar wasiƙa abu ne mai kyau, amma wallahi sau da yawa mu ne muke kashe ta da hannunmu.

Na farko dai buɗe wa kowane yaro adireshinsa. Gmail sai mai shekara 13 yake bari ya buɗe da kansa, to ɗan aji huɗu fa? Sai ka ga malam ya ƙara masa shekaru, ka fara koya wa yaro ƙarya ke nan tun kafin ya rubuta sallama. Ka buɗe guda ɗaya da sunan ajin, kalmar sirri tana hannunka, komai ya bi ta wajenka. Ban da lambar waya, ban da kwatancen gida, hoto kuma sai iyaye sun yarda.

Wanda ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne gyara. Yaro ya rubuta cewa akuyarsu ta haifi biyu kuma ɗayan ya cinye masa littafin lissafi, sai malam ya soke duka ya rubuta a allo sunana wane, shekaruna tara, ina son makaranta, yara sittin su kwafa, to don Allah wa zai ji daɗin amsa wasiƙa sittin iri ɗaya? Ka bar masa akuyarsa. Gyara abu ɗaya ko biyu ya isa, sauran ka ajiye su zama darasin gobe. In da Nijar kuke ma kar ka ce sun yi kuskure don ka ga ƴ a inda muke sa 'y, haka ƙa'idar rubutunsu take.

Sai rashin duba kalanda. Mu muna komawa a Satumba, su Nijar galibi sai Oktoba, yara su yi ta jiran amsa har abin ya fita ransu. Ku tsayar da rana kai da ɗayan malamin, ko sau ɗaya a sati biyu.

Kuma ba sai da kwamfuta ba fa. Su rubuta a takarda, ka ɗauki hoto da waya, ka rage nauyinsa saboda data, in netwok ya dawo ka tura.