Wayarka ta maƙale a logo? Karanta wannan kafin ka ce a yi mata filashin

Da farko dai ajiye kebul ɗin nan tukuna. Na san halinmu, da zarar waya ta nuna sunan kamfani ta tsaya cak, ko ta riƙa tashi tana mutuwa tana tashi tana mutuwa, abin da ke fara fitowa daga bakin kowa shi ne "a yi mata filashin". Filashin dai shi ne sake ɗora wa waya manhajar da ke tafiyar da ita ta hanyar kwamfuta. To ni dai a cikin wayoyi da tablet da suka biyo ta hannuna, waɗanda filashin ɗin ganganci ya kashe sun fi ba ni wahala a kan waɗanda suka zo da ciwonsu na asali, don wadda ta maƙale a logo tana da sauran numfashi, wadda aka ɗora wa fayil ɗin da ba nata ba kuwa wani lokacin ko alamar caji ba za ta ƙara nunawa ba.

Ka fara lura da inda take tsayawa. Idan ka danna madannin kunnawa ba Android ne ke fara tashi ba, akwai wani ɗan shiri da aka gina a cikin furosesa, shi ke tayar da wani shirin da ake kira butloda, butloda ya duba ko sauran fayilolin na ɗauke da sa hannun kamfani, sannan ya miƙa wa Android. Logon farko wanda ba ya motsi butloda ne ke nuna shi, na biyu mai motsi kuwa alama ce Android ya fara lodi. Wayar da ta kai logo mai motsi ta yi ta juyi a nan, yawanci matsalar daga kayanka ne, wata manhaja da ka sauke, ko memori da ya cika maƙil, ko sabuntawa da ta yanke a tsakiya, kuma sau da yawa ba ta buƙatar filashin sam. Wadda ba ta wuce na farko ba ita ce abin dubawa sosai.

Akwai abubuwan da za ka gwada ba tare da ka rasa ko hoto ɗaya ba. Sa ta a caji kamar minti 30 da wata caja daban da wani kebul daban, don batirin da ya gaji yana iya nuna logo amma da furosesa ya fara jan wuta sai ya sake ta. Cire sim da katin memori. Cire rigar wayar ka latsa madannin kunnawa ka ji ko yana dawowa da ɗan ƙas ɗinsa, saboda madannin da ya nutse ya maƙale yana sa waya ta yi ta sake tashi kamar mai aljanu, kuma duk filashin duniya ba zai gyara wannan ba. Duba bayanta, in murfin ya ɗago ko sikirin ya turo waje batir ne ya kumbura, kar ka ƙara sa ta a caji ma. In duk lafiya, danne madannin kunnawa da na rage sauti tare kamar sakan 10 zuwa 20, a yawancin wayoyi wannan yana tilasta mata sake tashi.

Daga nan sai Safe mode, wato yanayin da waya ke hawa ba tare da manhajojin da ka sa ba. A wayoyi da yawa da zarar logo ya bayyana ka danne madannin rage sauti ka riƙe har ta gama hawa, za ka ga an rubuta Safe mode a ƙasan sikirin. In ta hau a haka shikenan ka kama ɓarawo, ɗaya daga cikin manhajojin da ka sa ne, goge na baya-bayan nan, kuma tun kana nan ka kwashe hotunanka zuwa kwamfuta, kar ka ce sai gobe.

In ta ƙi, shiga rikobari, wato shafin gyara da ke cikin wayar wanda ke buɗewa ko Android bai hau ba. Kashe ta, ka danne madannin kunnawa da na ƙara sauti tare, sababbin Samsung kuma sai ka jona su da kwamfuta ta kebul kafin su yarda su shiga. Wani lokacin za ka ga ɗan mutum-mutumin Android a kwance an rubuta No command, mutane da yawa nan suke tsorata su ɗauka ta mutu, alhali kawai riƙe madannin kunnawa za ka yi ka taɓa na ƙara sauti sau ɗaya, jerin zaɓi zai fito. Da madannan sauti ake hawa da sauka, da na kunnawa ake zaɓa. In akwai Wipe cache partition fara da shi, ba ya taɓa kayanka. Wipe data/factory reset kuwa famat ne, komai zai tafi, kuma tunda wayoyin yanzu bayanan cikinsu a kulle suke da makullin sirri, kar wani ya ruɗe ka cewa zai dawo maka da su bayan nan. Sannan tun daga Android 5.1 a 2015 akwai makullin Google, wato bayan famat ta rikobari wayar za ta nemi asusun da ke kanta a da, filashin ma ba ya cire shi. In ba ka tuna imel ɗin da kalmar sirrinsa ba, nemo su tukuna.

To in duk wannan bai yi ba, yanzu ne maganar mayar mata da manhajar kamfani ta taso. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne ainihin lambar samfurin, ba sunan da ake talla da shi ba. Galaxy A51 suna ɗaya ne, amma SM-A515F daban SM-A515U daban, harafi ɗaya ne ya raba su kuma fayil ɗin wannan ba ya hawa wancan. Duba kwali, ko ƙaramin rubutun bayan wayar, ko saman shafin rikobari. Ka tanadi kwamfuta mai Windows wadda ba za ta mutu a tsakiyar aiki ba, direbobin USB na wayar, kebul mai ɗaukar data ba na caji kawai ba, batir kuma ya haura rabi. Fayil ɗin da ka ga an sa masa kalmar sirri ko an haɗa shi da wata manhaja wai sai ka sa ta tukuna, bar shi inda ka gan shi.

Samsung da wata manhajar kwamfuta mai suna Odin ake yi. Kashe wayar, danne madannan sauti guda biyu tare ka soka kebul ɗin da ke jone da kwamfuta, shafin gargaɗi zai fito sai ka danna ƙara sauti, ka shiga Download mode kenan. Tsofaffi masu madannin tsakiya kuwa rage sauti da na tsakiya da na kunnawa ake haɗawa. Odin zai rubuta Added!! in ya ga wayar. In ka kwance fayil ɗin da ka sauke za ka tarar da guda 5, BL da AP da CP da CSC da HOME_CSC, kowanne ka sa shi a gurbin da ke da sunansa, biyun ƙarshe kuma gurbi ɗaya suke rabawa don haka ɗaya za ka zaɓa. HOME_CSC yana barin kayanka, CSC yana share komai. Ni kullum da HOME_CSC nake farawa, in ta tashi alhamdulillah hotuna sun tsira, in ta ƙi sai in sake da CSC. AP shi ne babba, yayin da Odin ke duba shi zai yi kamar ya daskare, ƙyale shi kar ka rufe. Kar ka taɓa akwatin Re-Partition. Danna Start ka cire hannunka daga kebul har sai ka ga PASS! da kore.

Wani abu da ke kayar da mutane a Samsung shi ne lambar butloda, wadda masu gyara ke kira bainari. A doguwar lambar manhajar da ke saman rikobari, ƙirga daga dama, abu na 5 shi ne ita. A ce lambar ta ƙare da U5CVDD, to bainarinka 5 ne, za ka iya sa 5 ko sama, amma 4 ba zai hau ba, wayar za ta rubuta SW REV CHECK FAIL. Kuma in an taɓa ɗora wa wayar abin da ba na kamfani ba har Knox, tsarin tsaron Samsung, ya koma 0x1, mayar da manhajar asali ba ya dawo da shi, Secure Folder, ma'ajiyar sirrin wayar, ta tafi kenan.

Masu furosesan MediaTek, irin Tecno da Infinix da itel da yawa da tarin tablet marasa tsada, da SP Flash Tool ake yinsu. Za ka loda wani fayil ɗin rubutu mai suna scatter, kamar MT6765_Android_scatter.txt, shi ne taswirar da ke nuna inda kowane ɓangare zai zauna a memori. A nan tsarin a juye yake, Download ake fara dannawa sannan a soka wayar tana kashe. Akwai zaɓi 3 a wani ɗan akwati, Download Only da Firmware Upgrade da Format All + Download, kuma na ukun nan shi ya koya mini hankali. Wata tablet ce mai ɗaukar sim, ta ƙi wuce logo, na ce bari in wanke ta tas, na zaɓi Format All, aiki ya tafi lafiya koren maki ya fito, ta tashi fes har ina murna. Na sa sim, shiru. Na danna *#06# sai ga wajen IMEI, wato lambar shaidar na'urar, ba lamba, ashe na share ɓangaren NVRAM inda lambar take, wanda ba ya cikin fayil ɗin filashin tunda kowace na'ura da nata. Tun daga ranar Download Only nake bari, kuma ina cire maki daga kan preloader sai in ba makawa, don shi ne ƙofar da kwamfuta ke bi ta yi magana da wayar, in ka ɗora wanda bai dace ba ka toshe ƙofar da kanka. Sababbinsu da yawa suna neman fayil ɗin izini daga kamfani kafin su karɓi komai, in ka ci karo da wannan cibiyar gyaran kamfanin ta fi maka sauƙi. Masu Unisoc kuma fayil ɗinsu guda ɗaya ne mai ƙarewa da .pac, manhajar filashin ɗinsu ma daban ce.

Xiaomi da Redmi da Poco, rage sauti da kunnawa ke kai su fastboot, wato yanayin karɓar filashin, manhajar kwamfuta ta Mi Flash kuma ke ɗora fayil ɗin .tgz bayan ka kwance shi. Sai dai wannan hanyar tana son butloda a buɗe, buɗe shi kuma sai waya tana hawa, ga jiran kwanaki, don haka in naka a kulle yake kuma ta riga ta maƙale, rikobari ne kawai a hannunka. In a buɗe yake, duba ƙasan Mi Flash da kyau kafin ka danna komai, akwai clean all da save user data da clean all and lock, na ƙarshen yana sake kulle butloda, in kuwa manhajar da ka sa ta wani yanki ce daban da wadda wayar ta zo da ita, kullewar na iya hana ta tashi gaba ɗaya. Zaɓi clean all. Kar kuma ka koma tsohuwar manhaja da ka, tun 2018 wasu samfuransu irin Redmi Note 5 suna da kariyar hana komawa baya wadda ke kashe waya in aka gwada. Masu Pixel sun huta, daga rikobari za su zaɓi Apply update from ADB su tura fayil ɗin sabuntawa na Google, wato OTA, daga kwamfuta da umarnin adb sideload, ba ya goge kaya kuma ba ya neman a buɗe butloda. Motorola ma suna da manhajar ceto ta kwamfuta wadda ke nemo fayil ɗin da kanta.

In sikirin baƙi ne ƙirin ba motsi, jona ta da kwamfuta ka buɗe Device Manager. Ganin Qualcomm HS-USB QDLoader 9008 na nufin furosesa na raye yana jiran a ba shi manhaja, amma aikin yana buƙatar fayil na musamman na wannan samfurin, ba wajen koyon hannu ba ne.

iPhone da iPad nasu ya fi sauƙi. Daga iPhone 8 zuwa sama, taɓa ƙara sauti ka saki, taɓa rage sauti ka saki, sannan riƙe madannin gefe har tuffa, wato logon Apple, ta fito. In ta ci gaba da maƙalewa, jona ta da kwamfuta ka maimaita, amma wannan karon kar ka saki da ganin tuffa, riƙe har hoton kebul da kwamfuta ya bayyana. iTunes ko Finder zai ba ka zaɓi 2, Update da Restore. Update ka fara zaɓa don yana sake ɗora iOS ba tare da ya goge kayanka ba, Restore shi ke sharewa. In saukewar ta wuce minti 15 wayar za ta fita daga wannan yanayin, ba komai, bari ta gama sauka ka sake shigar da ita. Bayan Restore za ta nemi asusun Apple ɗin da ke kanta. Kuskure mai lamba 9 ko 4013 kuwa, canza kebul da ramin USB da kwamfuta tukuna, in ya ci gaba to injin wayar ne abin zargi.

Bayan kowane filashin tashin farko yana daɗewa, ba ta kamar minti 10 zuwa 15 kafin ka yanke mata hukunci, in ta wuce haka koma rikobari ka yi famat sau ɗaya. Amma akwai wata alama da in ka gan ta sai ka dakata. Ka yi famat, ka yi filashin da fayil ɗin da ke share komai, ya nuna ya gama lafiya, wayar ta tashi sai ga tsohon hoton fuskarta da tsofaffin manhajojinka suna nan daram kamar ba a taɓa su ba, ko kuma kullum filashin ya riƙa yankewa a waje ɗaya komai kebul ɗin da ka canza. Wannan memorin cikin injin ne ya gaji ya daina karɓar rubutu, ana iya karanta abin da ke ciki amma ba a iya canza shi. In ta ɗan hau ko na minti 2 ne kwashe abin da za ka iya kwashewa, sauran aikin na mai ɗaga memori daga fanel ne da iska mai zafi.