Yaro na rera "the, was, said" amma bai iya karanta su ba: inda muke kuskure

Duk wanda ya taɓa wucewa ta gefen ajin nazare da safe a nan Jos, ko Gangare ne ko Anguwan Rogo, ya san sautin nan: Anti na nuna takardar bango da sanda, yara na ihu "the! to! and! he!" har ƙasa ba gargada. Sai ka ce an gama. To ɗauko kalma ɗaya daga tsakiya ka rubuta a allo, ka kira wanda ya fi kowa ɗaga murya. Shiru kake ji. Waƙar ya haddace, kalmar kuwa bai taɓa kallonta ba.

Kalmomin kallo ɗaya nake nufi, waɗanda ke yawan dawowa a rubutun Turanci har ake so yaro ya gane su nan take. Wani Ba'amurke, Edward Dolch, ya tattara guda 220 a 1936, su kuma masu bin Jolly Phonics, tsarin koyar da karatu ta sautin haruffa, suna da nasu 72 masu wuyar sha'ani. Laifin ba na jerin ba ne, namu ne da muke bin sa daga sama zuwa ƙasa kullum. Yanka kwalin Indomie, kowace kalma da katinta, ki riƙa cakuɗa su kamar karta kafin ki ɗaga.

Amma wanda ya fi damuna shi ne koyar da kalma kamar hoto, wai yaro ya haɗiye ta ɗungurungum. Mu a Hausa yadda ka ji haka za ka rubuta, baƙi da wasali shikenan, Turanci kuma ba haka yake ba, shi ya sa wasu malaman suka yanke cewa duk hadda za a yi, alhali "and" da "in" da "can" yaron da ya san sautin haruffa zai haɗa su da kansa, me na wahalar da shi? Ko "said" ɗin ma, s da d lafiyarsu ƙalau, "ai" na tsakiya ne kawai ɗan rigima. Ni marafen kwalbar lemo nake tarawa, in rubuta harafi a kowane, na rigimar in ba shi jan marfi, yaro ya jera, in watsa, ya sake jerawa yana faɗin sautin. Wanda aka koya wa da hoto shi ne za ki ji yana ce wa "was" "saw", yana ce wa "on" "no", don bai saba bi daga hagu zuwa dama ba, wani ma da yamma yana Islamiyya inda karatu ke farawa daga dama.

Sai yawa. Kalma ashirin a sati don iyaye su ga littafi ya cika su san kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Uku zuwa biyar sun isa, kuma na satin da ya wuce su ci gaba da zama cikin katunan.

Akwai kuma wasan da jiki ke aiki ido na hutu. An zana gidajen 'yar gala-gala da alli a tsakar makaranta, kowane gida da kalmarsa, yara na ta tsalle, da ma da sanyin Jos na Disamba kowa na son abin da zai ɗumama shi, amma wlh rabinsu ba sa kallon ƙasa, abin da na gaba ya faɗa suke maimaitawa. Kowane yaro sai ya tsaya, ya karanta, sannan ya yi tsalle, kuma a goge a canza wa kalmomin gida kafin na biyu ya shiga. Haka rubutu a faranti mai yashi: ya kalla, a rufe, ya rubuta da yatsa daga ka, a buɗe ya duba. In katin na buɗe a gabansa kwafa kawai yake. Malaman allo sun riga mu nan, a rubuta a wanke a sake.

Muna mantawa kuma yaron nan Hausa yake ji a gida. Ya karanta "come" daidai amma bai san "zo" ake nufi ba. Ɗaga katin ba tare da kin yi magana ba, wanda ya gane ya taso, ki ɗaga "go" ya koma. Irin su "the" da ba a iya nunawa sai a cikin 'yar jimla. In ya ce "za" a maimakon "the", don Allah a ajiye bulala, babu wannan sautin a Hausa, nuna masa ya ɗan fito da harshe tsakanin haƙora, a hankali zai zo.

Ran Juma'a kafin a tashi ina tsayawa a bakin ƙofa da kati biyar a hannu, ɗai-ɗai suke fita, kowa ya karanta min biyu. Wadda ta fi kayar da su ita ke buɗe mana aji ran Litinin.